Mai doki, kada fiya-fiya ta raba gidanka da tsuntsaye

Da zarar shamuwa ta dawo ta fara ɗora sheƙa a bishiyoyin gari, mai doki ya san aiki ya taso. Da damina ciyawa ke wadata, doki ya murje ya yi sheƙi, amma ita ce kuma lokacin ƙuda da kaska da bobuwa da ƙyashi. Abin da muke tararwa a gidaje da yawa idan mun fita duba dabbobi shi ne, ƙwari na damun doki sai a ɗauko fiya-fiya ko ragowar maganin feshin gona, a bi barga da turke da bango a fesa. Ƙuda ya lafa kwana biyu ya dawo. Tsuntsaye da ƙadangarun da suka tsinci ƙwarin da gubar ta kashe kuwa, su ba sa dawowa.

Dokin ma bai tsira ba. Akwai maganin kaska da ake wanke shanu da shi mai sinadarin amitraz. Saniya tana ɗaukarsa, doki ba ya ɗauka. Yana kashe masa motsin hanji, kashi ya tsaya, ciki ya kumbura, ka ga doki yana tonon ƙasa da ƙafa, yana waiwayen cikinsa, yana kwanciya yana birgima. Doki kuma ba ya iya amai, abin da ya shiga ya shiga. Don Allah kafin ka zuba wa dokinka kowane magani, duba rubutun jikin kwalbar, ko ka kai wa malamin dabbobi ya karanta maka. Haka nan kada a ba shi abincin kajin gidan gona, domin akan sa masa wani magani mai suna monensin, wanda kaɗan daga cikinsa kan lalata zuciyar doki.

Cutar da ta fi tayar mana da hankali a ƙarshen damina ita ce annobar dawakin Afirka. Doki ba ya shafa wa doki ita kai tsaye. Ƙyashi ne ke ɗauko ta, wannan ɗan ƙwaron da bai kai sauro ba, mai cizo daga faɗuwar rana zuwa wayewar gari. Idan ta shiga dawakin da ba su da rigakafi, takan kashe 7 zuwa 9 cikin 10. Jaki ya fi doki jure mata nesa ba kusa ba. A ina ƙyashin ke haihuwa? A taɓon da ya cakuɗe da kashin dabba da fitsari, irin wanda ke taruwa a gindin kwamin ruwa da kewayen turke. Shi ma ƙuda a kashin doki yake yin ƙwai, kuma da zafi cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan ya zama ƙuda mai tashi. Ke nan wanda ke kwashe kashin dokinsa safe da yamma, ya kai shi can bayan gida ya tara ya rufe da ƙasa ya zama taki, ya zuba yashi inda ruwa ke kwanciya, ya yi maganin da feshi ba zai yi masa ba. Da magariba a shigar da doki rumfa, a turara hayaƙin ganyen darbejiya daga ɗan nesa, a kula kada wuta ta kama harawa. Mai hali ya kewaye rumfar da raga mai ƙananan idanu, don ƙyashi yakan ratsa gidan sauro na yau da kullum.

Sai kuma masu taya ka aiki ba ka biya su ba. Tsattsewa wuni take tana cafke ƙwari a iska, da dare ƙananan jemagu su karɓe ta. Balbela tana bin sawun doki tana tsintar fara da ƙuda. Bushiya tana fitowa da dare ta bi gindin danga tana cin ƙwari. Mujiya, wadda ake jifa ana cewa mugun tsuntsu ce, ɓerayen da ke fasa buhun dusarka take ci, kuma idan ka zuba wa ɓera guba ta ɗauki wanda ya sha, ita ma ta tafi. Ban ce waɗannan za su maye gurbin allura ko likita ba. Suna dai rage yawan ƙwari, kuma gidan da aka kashe su ƙwarin ne ke cin karensu babu babbaka.

Carki ne kawai sai an sa masa ido. Yana cire kaska, gaskiya ne, amma idan ya samu gyambon sirdi a bayan doki ba zai bar shi ya warke ba, kullum sai ya tsattsage shi. A wanke ciwon, a sa magani, a rufe shi da ƙyalle mai tsabta.

Jawo tsuntsaye gida ba ya cin kuɗi. Kasko ko fasasshiyar tukunya, a zuba ruwa kaɗan, a ɗora a inuwa inda kyanwa ba za ta kai ba, a jefa dutse a ciki don ƙudan zuma ya samu wurin sauka. A riƙa zubar da ruwan ana sakewa duk bayan kwana 2, in ba haka ba ka buɗe wa sauro gidan haihuwa. Da bazara, watan Maris da Afrilu, za ka sha mamakin abin da zai sauka a kaskon nan: kurciya, buwa, har da sha-kauci mai dogon baki da ƙyallin gashi. A Amurka mutanen karkara kan rataya kwalbar ruwan sukari don wani ɗan tsuntsu mai shan zaƙin fure da babu irinsa a Afirka. Mu ba sai mun yi haka ba, fure ne ke kawo sha-kauci. Zogale a bakin danga, gwanda, lemun tsami, sun isa. Gawo kuma idan kana da shi kada ka sare, yana fure da rani lokacin da sauran itatuwa suka bushe, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne. Zurma da zaƙami kuwa a tuge su daga inda doki zai kai bakinsa, guba ne a gare shi. Iyaye, a yi wa yara magana kan danƙo, musamman lokacin da tsuntsaye ke kan ƙwai.

Idan ka ga dokinka ya yi zazzaɓi, ya ƙi cin abinci, ramin da ke saman idonsa ya cike ya kumbura, numfashi na yi masa wuya ko kumfa na fita ta hanci, kada ka hau shi, kada ka kai shi kasuwa ko wajen kilisa. Shigar da shi rumfa, ka sanar da maƙwabta masu dawaki su killace nasu da yamma, ka kira ofishin kula da lafiyar dabbobi na ƙaramar hukumarku a ranar. Idan ya mutu a binne shi da zurfi, kada a bar karnuka su ci naman, don su ma cutar tana kama su ta nan.