"Wreak havoc" a bakin ɗan Koriya mai koyon Turanci

Me wannan magana take nufi?

Yin mummunar ɓarna, a ɗaiɗaita wuri a bar shi kaca-kaca. A Satumbar 2003 mahaukaciyar guguwar Maemi ta afka wa Busan a Koriya ta Kudu, har ta kayar da manyan injinan ɗaga kaya na tashar jiragen ruwa. Bature zai ce: "The typhoon wreaked havoc on Busan."

Daga ina kalmomin suka fito?

"Havoc" daga tsohon Faransanci take. Kira ne da shugaban yaƙi yake yi idan an ci gari, wato izini ga sojoji su shiga wawushe dukiya. Saboda munin abin da ke biyo baya, dokar yaƙin Sarki Richard na biyu na Ingila ta 1385 ta ce duk wanda ya yi wannan kira za a fille masa kai. Ita kuwa "wreak" asalinta ɗaukar fansa ne.

Ɗan Koriya yana da irinta a harshensa?

Yana da ita, kuma a ganina tasa ta fi taɓa zuciya. Yana cewa wuri ya zama "ssukdaebat", wato filin "ssuk". Wannan ganye ne mai ƙamshi da ɗan ɗaci, suna miya da shi, suna kuma kwaɓa shi cikin wainar shinkafa. Amma shi ne ke cinye gidan da mutane suka watse suka bari, kamar yadda ciyawa ke rufe kufai. Sai dai fa hankalin maganar Koriya yana kan kangon da aka bari, ta Turanci kuwa tana nuna mai ɓarnar yana cikin yi. Idan hargitsin mutane ake nufi, suna da "asurajang".

Ina harshe yake sarƙewa?

Harafi ɗaya ne a rubutun Koriya, wato Hangul, yake ɗaukar "r" da "l", don haka "wreak" kan fito kamar "leak", wato yoyo. Babu "v" kuma a harshensu, sai ta koma "b", kamar yadda take yi wa Bahaushe. Ba a furta "w" ɗin farkon "wreak", kusan "riik" ake cewa.

A rubutu fa?

Kada a rubuta "wreck havoc", kuskure ne da Turawan ma suke yi. Abin da aka ɓata kuma "on" ake sawa kafin sunansa.