Cin abinci a ƙananan gidajen abinci na iyali a Italiya: ga amsoshin, a daina maimaita min

Duk mai shirin zuwa Italiya, ɗalibi ne ko ɗan kasuwa, tambayoyin nan dai su ne yake turo min. To ga su nan, a karanta.

Wai mene ne trattoria?

Gidan abinci ne na iyali. Uwa ko kaka na kicin, ɗa na kai faranti tebur, uba na wajen karɓar kuɗi. Abincin kala kaɗan ne, wani wurin ma a allo ake rubutawa da alli.

Na je ƙarfe biyar na yamma na tarar a kulle, sun tashi ne?

Ba su tashi ba, kai ne ka je ba lokaci ba. Na rana wajen 12:30 zuwa 2:30 ne, na dare sai 7:30 ko ma 8. Kuma in ka zo tsakiyar Agusta, lokacin hutun Ferragosto na ranar 15 ga wata, da yawansu sun garƙame ƙofa sun tafi bakin teku, kar ka kira ni kana mita.

Taliyar da aka kawo min ba ta nuna ba, in mayar?

Kar ka soma. Haka suke cin ta, da ɗan ƙarfinta. Kuma don Allah kar ka nemi ketchup, matar nan tun safe take kan miyar tumatir ɗin. In yaji kake so ka ce peperoncino, za a kawo maka.

To ya maganar halal? Me zan iya ci?

Nan ne ake yin ta, kuma ni ba malami ba ne, abin da ke cikin tukunya kawai zan faɗa maka. Matsalar ba naman da kake gani ba ne, wanda ba ka gani ne. A birnin Rum taliyar carbonara da amatriciana da gricia duk da guanciale ake yin su, wato kumatun alade, kuma a kitsensa ake soya komai, saboda haka "a cire min naman" ba ta raba ka da shi ba. A Bologna miyar ragù yawanci akwai pancetta, wato naman cikin alade, da giya a ciki ko da an ce maka na shanu ne, tortellini kuwa, taliya mai cushe, cikinsa alade ne. Sai strutto, kitsen alade, da ke ɓuya cikin piadina, burodi mai faɗi na yankin Romagna, da wasu burodi da kayan zaƙi na Napoli. Risotto, wato dafaffiyar shinkafarsu, galibi ana ɗan zuba masa farar giya, taliya mai vongole, ƙananan halittun teku masu ƙwarya, ma haka, kayan zaƙin tiramisu wani gidan na sa giyar Marsala wani ba ya sawa. Kuma kar jerin nan na abubuwa 14 masu jawo alaji da dokar Tarayyar Turai ta sa a riƙa nunawa ya ruɗe ka, alade ba ya cikinsu.

Abin da ya fi sauƙi: pizza margherita ko marinara, taliya al pomodoro, aglio e olio wadda tafarnuwa ce da man zaitun kawai, cacio e pepe ta cuku da masoro, pasta alla Norma ta Sisili mai yalo, sai gasasshen kifi. Su ma ɗin dai ka tambaya, don kowane gida da hannunsa. Ka haddace "senza maiale", ban da alade, "senza vino", ban da giya, da "c'è strutto?", akwai kitsen alade? Ka kira prosciutto, naman cinyar alade mai gishiri, da pancetta da sunansu, domin wani in ka ce ba ka cin alade tsoka ce kawai ke zuwa masa a rai. Kaza da naman shanu kuwa ka ɗauka ba yankan Musulmi ba ne sai in an nuna maka, ko suna shiga hukuncin yankan Ahlul Kitabi wannan malamai sun yi saɓani, ka tambayi naka. Haka cukun Parmigiano, da wani abu daga tumbin ɗan maraƙi ake daskarar da madararsa, wasu na ci wasu na gudu. Amma kwantar da hankalinka, alfanun gidan iyali ke nan, wadda ta dafa tana bayan ƙofar can, yaron zai leƙa ya tambayo ta ya dawo maka da amsa.

An ƙara min wani kuɗi wai coperto, cuta ce?

Ba cuta ba ce. Kuɗin zama ne da burodi, yawanci yuro 1 zuwa 3 kowane mutum, kuma yana rubuce a menu, kai ne ba ka duba ƙasa ba. Ruwa ma na kwalba ne, saye za ka yi.

Dole in ci antipasto (abin buɗe baki) da primo (taliya ko shinkafa) da secondo (nama ko kifi) duka?

A'a. Faranti ɗaya ya isa, ba mai hararar ka.

Mun gama tuntuni ba a kawo bil ba, sun manta da mu ne?

Ba su manta ba, a wurinsu kawo shi ba ka nema ba kamar kora ce. Ɗaga hannu ka ce "il conto, per favore", ko ka tashi ka biya a kanta.

Sai na ba da tukwici?

Ba dole. In sabis ya yi maka daɗi bar yuro ɗaya ko biyu a tebur.