Borin fata daga gam ɗin na'urar bibiyar sukarin jini

Borin fata daga gam ɗin na'urar bibiyar sukari matsala ce da ke samun wasu masu ciwon sukari da ke liƙa 'yar ƙaramar na'ura a damtse ko a fatar ciki, domin ta riƙa auna musu sukari dare da rana. Na'urar tana da wani siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata, sai filasta mai danƙo da ke riƙe ta a jiki na tsawon kwana 7 zuwa 15, gwargwadon samfurin. A gurbin filastar ne fata kan yi ƙaiƙayi, ƙuraje, kumburi ko bororo, har wasu su haƙura da na'urar su koma huda yatsa.

Ire-irensa

Likitocin fata sun kasa matsalar gida biyu. Na farko, wanda ya fi yawa, wahala ce fatar ke sha: gumi ya taru ƙarƙashin filasta, iska ba ta shiga, gefen filastar yana guga, ranar cirewa kuma a fizge ta da ƙarfi saman fata ya sale. Wannan yana iya samun kowa, ya fi tsanani lokacin zafi.

Na biyu rashin jituwa ce tsakanin garkuwar jiki da wani sinadari. Mutum kan yi watanni yana liƙa na'urar lafiya lau, sai kwatsam wurin ya fara ƙaiƙayi mai tsanani kwana ɗaya zuwa uku bayan liƙawa, ya feso da ƙuraje masu ruwa daidai zagayen filastar, wani lokaci su zarce gefenta. Idan jiki ya riga ya ƙi sinadarin, galibi ya ƙi shi ke nan har abada. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba, sai dai wurin ya yi duhu, tabon kuma yakan daɗe bai goge ba.

Tarihi

A 1999 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar farko irin wannan, ta kamfanin MiniMed. A 2001 aka amince da GlucoWatch, wadda ake ɗaurawa kamar agogo, tana zuƙo ruwan jiki ta fata da 'yar wutar lantarki. Ta yi ƙaurin suna wajen ɓata fata, ta kuma ɓace daga kasuwa wajajen 2007. Na'urar kamfanin Dexcom ta farko, ta 2006, kwana uku kacal take yi a jiki.

Lamarin ya sauya a 2014, da kamfanin Abbott ya fito da FreeStyle Libre a Turai, mai yin kwana 14. Masu amfani suka ƙaru ƙwarai, filasta ta daɗe a fata fiye da da, asibitocin fata suka fara ganin mutane da zagayen ƙuraje a damtse. A 2017 masu bincike daga Beljiyam da Siwidin suka bayyana cewa sinadarin isobornyl acrylate, da ake taƙaitawa IBOA, shi ne ummul'aba'isin borin a yawancin waɗanda suka gwada. Abin mamaki, ba daga gam ɗin filastar ya samo asali ba: yana cikin gam ɗin da aka haɗa murfin robar na'urar da shi, daga nan yake tsiyayowa ya ratsa filastar ya taɓa fata. An kuma same shi a wani famfon insulin da ake liƙawa a jiki. A 2020 ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin irin wannan bori ta ayyana IBOA a matsayin sinadarin haddasa bori na shekarar, kamfanin Abbott kuma ya cire shi daga samfuran da suka biyo baya.

Ba shi kaɗai ba ne. An alaƙanta sinadarin gam na ethyl cyanoacrylate da na'urar Dexcom G4 kafin a sauya yadda ake haɗa ta wajen 2016, an kuma sami colophony, wanda ake samu daga ƙaron itacen fayin, a wasu filastoci da ruwan ƙara danƙo. Abin da ya jinkirta ganowa shi ne doka ba ta tilasta wa kamfanonin na'urorin asibiti rubuta duk sinadaransu kamar yadda ake yi wa man shafawa ba. Likitocin fata na Turai sun sha kira a gyara wannan.

Rigakafi

Ana wanke wurin da sabulu marar ƙamshi, a bar shi ya bushe sarai, ba a shafa mai ko basilin. Idan an goge da sifirit, sai an jira ya bushe kafin a liƙa, domin danshinsa a ƙarƙashin filasta yana ƙona fata. Gashi ana rage shi da almakashi, aski da reza yakan bar ƙananan rauni. Ana guje wa wurin tabo da inda tufafi ke matsewa, ana kuma sauya gurbi kowane karo domin tsohon ya huta.

Mai fata marar juriya yakan shafa ruwan kariya da ke bushewa ya zama siririn shamaki, ko ya shimfiɗa filastar hydrocolloid, irin wadda ake rufe rauni da ita, ya ɗora na'urar a kai. Ruwan kariya yana taimaka wa iri na farko, amma sau da yawa IBOA yana ratsa shi. Wajen cirewa, ana jiƙa gefen filastar da man zaitun ko man jarirai, a ɓamɓare ta a hankali tana kwance a kan fata, ɗaya hannun yana danne fatar.

Wasu likitoci suna ba da shawarar fesa fluticasone, maganin feshin hanci, a wurin kafin liƙawa. Ba don wannan aka yi masa rajista ba, kuma ra'ayi ya rabu kan daɗewa ana amfani da shi.

Ganowa da magani

Ana tabbatar da iri na biyu ta hanyar liƙa ƙananan sinadarai a gadon baya, a cire bayan awa 48, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Magani shi ne cire na'urar, shafa man steroid mai rage kumburi na ɗan lokaci bisa umarnin likita, da komawa samfurin da ba shi da sinadarin. Mugunya, zazzaɓi ko zogi mai bazuwa alamar shigar ƙwayoyin cuta ce, wadda ke buƙatar ganin likita da gaggawa ga mai ciwon sukari.