Na tashi aiki ban dangwala yatsa ba, ya za a gyara?

Me na'urar lissafin lokacin shiga da fita aiki take rubutawa idan mutum ya fita bai dangwala ba?

Ita na'ura ba ta san gumi ba, dangwale kawai ta sani. Ta ga shigarka ƙarfe 8 na safe, fitarka kuwa shiru. Wata manhajar takan bar gurbin a buɗe da alamar kuskure. Wata ta rufe maka a lokacin tashi na ƙa'ida, ƙarin awoyin da ka yi su bi ruwa. Mafi ban haushi ita ce mai ɗaukar dangwalen washegari a matsayin fitar jiya: ta ce awa 24 ka yi kana aiki, ta kuma dagula ranar da ke biye. Masu aikin dare sun fi kowa shan wannan, don aikinsu yana tsallake tsakar dare.

Wa zan gaya wa?

Shugaban sashenka, kuma a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne: "Ranka ya daɗe, jiya Talata na shigo 8:00, na tashi 6:20, na manta ban dangwala ba. A taimaka a gyara." In akwai fom, ka cike, oga ya sa hannu, a miƙa wa masu lissafin albashi. Ka yi tun ba su rufe lissafin wata ba. In sun rufe, sau da yawa sai wani watan za ka ga kuɗin.

In ban tuna ainihin lokacin ba fa?

Ka bi sawun kanka. Littafin maigadi, saƙon ƙarshe da ka tura, kiran da ka yi wa mai adaidaita, ko abokin da kuka yi Magariba tare a bakin ƙofa. In dai kintace ne, ka ce kintace ne. Kar ka mai da 6:20 ta zama 7:00. Kyamarar ƙofa tana nan.

Za a iya hana ni kuɗin ranar?

A Amurka dokar ƙwadago ta 1938 ta ɗora wa mai kamfani nauyin ajiye lissafin awoyi, kuma dole ya biya duk awar da aka yi masa aiki, an dangwala ko ba a dangwala ba. A Najeriya sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana zaftare lada da sunan tara, sai dai dokar ta fi shafar leburori da akawu. Manyan ma'aikata sai su duba takardar ɗaukarsu aiki. Amma fa biyanka bai hana a ba ka takardar gargaɗi ba, musamman in abin ya zame maka jiki.

To in dawo daga gida in dangwala mana?

A'a. Ka rubuta ƙarfe 9 alhali 6 ka tashi, mantuwa ta koma ƙarya ke nan. Haka in rijista ce ta takarda, kar ka sa wani ya sa maka hannu. A kan wannan ake korar mutum, har da wanda ya taimaka masa.