Tambayoyin da ake yawan yi min a shago kan satar bayanai da AI (fasahar kwamfuta mai kwaikwayon basirar ɗan Adam)

Gyaran waya nake yi a Birnin Kebbi, kuma waɗannan tambayoyin kusan kullum sai an jefo min su.

Wai ta ina ɓarayin nan ke samun lambar mutum har da sunansa?

Ba tsafi ba ne Alhaji. A 2021 an watsa bayanan masu Facebook sama da miliyan 500 a intanet, har da lambobin waya, kuma akwai 'yan Najeriya a ciki. A kamfanin imel na Yahoo ma asusu biliyan 3 aka taɓa tun 2013, sai 2017 suka faɗi cikakken adadin. Don haka wanda ya kira ka ya ambaci sunanka ya ce daga banki ne, wannan ba hujja ba ce ko kaɗan.

To in sun samu lambata shikenan kuɗina sun tafi?

A'a, yawanci sai ka buɗe musu ƙofa da hannunka. Wani mai albasa daga Aliero ya zo min gumi sharkaf, an kira shi wai za a sa shi a gurup ɗin tallafin taki, ya karanto musu lambobi 6 ɗin da suka shigo wayarsa, kafin la'asar sun ƙwace WhatsApp ɗinsa suna ta roƙon kuɗi wurin 'yan uwansa da sunansa, har ƙanwarsa ta tura. Lambar da ta shigo maka ko fin ɗin ATM, ko ma'aikacin banki bai da ikon tambayarka.

AI ɗin nan fa, da gaske yana kwaikwayon murya?

Wallahi yana yi, har fuska. A 2024 a Hong Kong wani ma'aikaci ya tura kusan dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da shugabanninsa, ashe duk na bogi ne. Ni ban ce AI sharri ba ne, ina amfani da shi wajen neman matsalar waya, amma da can da Hausarsa mai gargada kake gane ɗan damfara, yanzu kam na'ura ke gyara masa magana. In ɗanka ya kira yana kuka a turo kuɗi, katse, ka kira shi da kanka.

Dole ne sai na yi ofdet, wato sabunta manhajar waya? Yana cinye data.

Dole ne Hajiya, ɓaraka ake toshewa. WannaCry, wani bairos ɗin kwamfuta da ya tsayar da asibitoci da dama a Ingila a Mayun 2017, Microsoft ta fitar da maganinsa tun Maris, mutane ne ba su sa ba. Ki bari sai dare lokacin da data ke araha.