Kogon ruwa a ƙashin yara: tambayoyi da amsoshi

Yaro ya yi ɗan tuntuɓe kawai, hannu ya karye. An ɗauki hoton ƙashi an ce akwai kogo a ciki. Mene ne wannan?

Rami ne cike da ruwa rawaya-rawaya da ke samuwa a tsakiyar ƙashin da bai gama girma ba. Yana cin ƙashin daga ciki har bangonsa ya yi siriri, kamar karan dawa da gara ta cinye cikinsa, daga waje lafiya lau. An fi ganinsa tsakanin shekara 5 zuwa 15, maza sun fi mata wajen ninki biyu. Kusan rabi a saman ƙashin damtse yake fitowa, dab da kafaɗa, sai kuma saman ƙashin cinya. Ba ya ciwo, shi ya sa karaya ce ke tona shi: wajen jifa, ko kokawa, ko faɗuwar da ba ta isa karya ƙashi mai lafiya ba.

Ciwon daji ne?

A'a. Ba ya yaɗuwa cikin jiki, ba a ɗaukarsa, kuma ba rashin abinci ko sakacin uwa ke kawo shi ba.

To me zai hana a kai shi wajen maɗori kamar kowace karaya?

Maɗori yana jin karaya da hannunsa, amma ba ya ganin cikin ƙashi. Idan ya ja ya matsa, siririn bangon na iya ƙara rugujewa, kuma ɗaurin kara mai tsanani kan tare jini har hannu ya lalace. Abin da ya fi damunmu shi ne wasu cututtuka masu haɗari suna kama da kogon nan: ƙurjin cikin ƙashi, wanda ya yawaita ga masu sikila, da tarin fuka na ƙashi, da dajin ƙashi. Duk karayar da ta fi ƙarfin faɗuwar da ta jawo ta, a fara da hoto. Ana ɗaukarsa a Babban Asibitin Damagaram. Idan da zazzaɓi, ko rama, ko ciwon da ke tada yaro cikin dare, kada a jinkirta ko kwana ɗaya.

Yaya ake magani?

Wurin da kogon yake shi ke yanke hukunci. In a damtse ne kuma ya karye, karayar ake fara bi: a rataye hannu mako 4 zuwa 6, tana haɗewa kamar kowace. Kogon kansa ba kasafai yake cikewa da haɗewar karaya ba, don haka a sake hoto. Ƙarami mai kaurin bango ana barinsa, ana duba shi duk wata 6, yaro ya dakata da kokawa da hawan bishiya.

Babba, ko wanda ya karye sau biyu, ana yi masa allura a ɗakin tiyata bayan an sa yaro barci. Likita ya soka allura biyu cikin kogon, ya zuƙe ruwan, ya wanke, sannan ya zuba maganin rage kumburi mai suna metilfirednisolon, ko ɓargon da aka ɗebo daga ƙashin ƙugun yaron. Sau da yawa sai an maimaita sau biyu ko uku, da tazarar wata 2 zuwa 3. Nan iyaye kan karaya su daina zuwa, alhali maimaicin yana cikin tsarin maganin.

In allura ba ta yi ba, sai aiki: a buɗe ƴar taga a ƙashin, a kankare fatar da ke shimfiɗe cikin kogon, a huda hanya zuwa ɓargo, a cike ramin da gutsattsarin ƙashi. Wani lokaci a zura siraran ƙarafa masu lanƙwasa su tallafe shi.

Na cinya ba a yi masa jira irin na damtse, domin nauyin jiki duka a kansa yake. Karaya a wuyan cinya na iya barin yaro da ɗingishi ko gajeriyar ƙafa, don haka akan kankare a sa ƙarfe tun kafin ya karye.

An ce akwai wani irin kogon mai jini a ciki.

Akwai, kuma ya fi zafin hali. Ɗakuna-ɗakuna ne cike da jini, yana kumbura ƙashi, yana ciwo, yana girma da sauri, har a ƙashin baya yana fitowa. Shi ma ba daji ba ne, sai dai akwai wani dajin ƙashi da ke kama da shi ƙwarai a hoto. Saboda haka ake neman hoton IRM, wanda ke nuna cikin jiki dalla-dalla fiye da hoton ƙashi na yau da kullum, ko da zai kai ga zuwa Yamai, a kuma yanki ɗan tsoka a gwada kafin a taɓa shi. Ana kankare shi ko a yi masa allurar da ke ƙafar da shi, kuma a tanadi jini kafin aiki don yana zubar da jini sosai.

Zai dawo?

Yana iya dawowa, musamman ga yaro ɗan ƙasa da shekara 10, da kogon da ke manne da guringuntsin da ƙashi ke tsawo ta wurinsa. Mai jinin ya fi dawowa cikin shekara biyun farko. Mai ruwan yakan cike da kansa idan girma ya tsaya. A adana duk hotunan cikin ambulan ɗaya da kwanan wata a jikin kowanne, a riƙa zuwa da su duka, domin sai likita ya jera tsoho da sabo yake gane ko bangon ya yi kauri har yaro ya koma ƙwallo.