Shekara 15 da injin cc 110: abin da dokar Tailan ta tanada kan yara masu tuƙa babur

Magana biyu ke yawo game da yaran Tailan da babur, kuma kowacce tana ƙaryata 'yar'uwarta. Ta farko wai ƙasar ba ta da dokar shekaru ko kaɗan, shi ya sa a bidiyoyin da ake turowa ta waya za ka ga 'yan makaranta uku cikin farar riga sun cunkusu a kan babur ɗaya, kai ba hula, suna wucewa ta gaban ɗan sanda ko kallonsu ba ya yi. Ta biyu wai yanzu gwamnati ta ɗaure fuska, duk yaron da aka kama ba lasisi tarar baht 50,000 ce (baht shi ne kuɗin Tailan), ubansa kuma sai gidan yari. Ta farkon tana sa a yi sakaci, ta biyun tana sa a firgita, kuma babu wadda ta yi daidai da abin da ke rubuce.

Doka tana nan tun 1979. Idan ka ci karo da ita an rubuta 2522 kada ka ruɗe, kalandar Buda suke bi, wadda ta girmi ta miladiyya da shekara 543. A wannan shekarar aka kafa dokoki biyu da suka shafi maganarmu, dokar ababen hawa mai kula da rajista da lasisi, da dokar zirga-zirgar hanya mai kula da yadda ake tuƙi. Lasisin mota sai mai shekara 18, na ɗan acaba sai mai 20. Baƙon da ya je kasuwanci Bankok ko yawon buɗe ido Fuket ya ɗauki hayar babur, shi ma ana buƙatar lasisin babur daga gare shi kamar ɗan ƙasa.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne lasisin babur na matasa. Yaro mai shekara 15 yana iya samun lasisi, wannan gaskiya ne, amma na wucin gadi ne mai wa'adin shekara biyu, kuma babur ɗin da injinsa bai wuce cc 110 ba (cc ma'aunin girman inji ne) kaɗai ya halatta masa. Duk abin da ya haura haka sai ya cika 18. Wato sharaɗi biyu ne a haɗe, shekarun yaro da girman inji, mutane kuwa sai su riƙe na farko su manta na biyu. Mai shekara 14 ba shi da wata ƙofa ko da a kan ƙaramin babur ne, kuma yardar uba ba ta buɗe masa ita.

A rubuce abin kamar mai sauƙi ne, a shagon sayar da babura ne yake rikicewa. Honda Wave 110i, babur ɗin da ya cika garuruwa da ƙauyukan ƙasar, injinsa kimanin cc 109 ne, ya tsaya dab da iyaka. Kusa da shi a shago guda za ka tarar da Wave 125i, kusan tsayi ɗaya da siffa ɗaya, wanda bai san babur ba ba zai bambance su daga nesa ba. Uba ya zo saya wa ɗansa mai shekara 16 abin zuwa makaranta, ya ga na 125 ya fi ƙarfin hawa tudu kuma zai yi wa gida aikin ɗaukar kaya, sai ya ƙara 'yan kuɗi ya ɗauka. Yaron yana da lasisi a aljihu, uban hankalinsa kwance, alhali lasisin bai shafi wannan babur ba. Haka abin yake ga Honda Click 125 da samari ke rububi. Akwai kuma waɗanda ke kai na 110 wurin bakanike a faɗaɗa injin a sauya salansa, takarda tana cewa abu ɗaya, ƙarfe yana cewa wani.

Samun lasisin kansa ba wani tashin hankali ba ne. Ana zuwa ofishin hukumar sufurin hanya da takardar likita, a gwada ido da saurin taka birki, a zauna horo na awa biyar, a amsa tambaya 50 a ci aƙalla 45, sannan a hau babur a gaban jami'i, har da bi ta kan wani siririn dandamali ba tare da an sauke ƙafa ba. Kuɗin katin baht 105 ne.

To ina baht 50,000 ta samo asali? A 2018 hukumar sufurin ta kawo daftarin da ke neman a ɗaga hukuncin tuƙi ba lasisi zuwa tarar da za ta iya kai wannan adadi da ɗaurin wata uku. Jama'a suka yi caa, gwamnatin firaministan lokacin, Prayut Chan-o-cha, ta ce a koma a sake nazari, daftarin bai zama doka ba. Amma labarin bai mutu ba, lokaci-lokaci sai wani ya tono shi ya sake watsawa kamar sabo. Hukuncin da ke sashe na 64 na dokar ababen hawa shi ne ɗaurin da bai wuce wata ɗaya ba, ko tarar da ba ta wuce baht 1,000 ba, ko duka biyun. Mai babur ɗin da ya miƙa makulli ga wanda ba shi da lasisi shi ma ya yi laifi ƙarƙashin sashe na 56, tararsa tana iya kai baht 2,000. A lura cewa waɗannan adadi iyaka ce ta sama, ana iya yanke ƙasa da haka.

A ganina baht 1,000 ta yi kaɗan ƙwarai ga laifin da ke iya cin rai. Kwatanta ta da tarar rashin hular kwano, wadda ta ninka ta. Doka ta fi jin zafin wanda ya bar kansa a buɗe fiye da wanda ya hau titi bai taɓa koyon ko alamar hanya ɗaya ba, alhali na farkon kansa ya fi cutarwa, na biyun kuwa kowa yana cikin haɗarinsa.

Shi yaron da aka kama ba a yi masa shari'a irin ta manya. Tun gyaran da aka yi wa kundin laifuffuka a 2022, wanda bai wuce shekara 12 ba ba a hukunta shi. Daga nan zuwa 15 ma ba a yanke masa hukunci, sai dai kotu tana iya yi masa faɗa, ta kira iyayensa ta ɗora musu sharuɗɗa, ko ta tura shi gidan horo. Tsakanin 15 da 18 alƙali ne ke dubawa, idan ya ga a hukunta sai a rage rabi. Kotun yara da iyali ce ke sauraren irin waɗannan.

Nauyin gaske a kan iyaye yake sauka, kuma a nan ne jita-jitar ɗaure uba take da ɗan tushe. Dokar kare yara ta 2003, wadda ke ɗaukar duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, ta hana a tilasta wa yaro, ko a zuga shi, ko a ƙyale shi ya yi abin da zai jefa shi cikin aikata laifi. Hukuncin yana iya kai ɗaurin wata uku ko tarar baht 30,000 ko duka biyun. Ba sai uba ya ce je ka ba, ya sani ya yi shiru ma ya shiga ciki. Wannan sashe an fi jin sa a batun tseren dare. Akwai samarin da ake kira dek waen, masu taruwa cikin dare da babura masu ƙarar tsiya su tare manyan titunan Bankok da sauran birane suna tsere. A 2015 gwamnatin soja ta fitar da umarni na musamman a kansu, wanda ya ce a fara kiran iyaye a gargaɗe su, idan yaron ya sake sai a hukunta su. Gyaran dokar hanya da ya fara aiki ranar 5 ga Satumba, 2022 ya sa tsere a titi ya zama ɗaurin da zai iya kai wata uku ko tarar baht 5,000 zuwa 10,000, kuma taruwar ababen hawa biyar ko fiye da alamun shirin tsere ana ɗaukarta yunƙurin aikata laifin ko da ba a tashi ba. Mai shirya tseren ko tallata shi hukuncinsa ya fi haka, bakaniken da ya gyara babur don tsere shi ma bai tsira ba. Saboda haka uwar da 'yarta ke hawa babur zuwa makaranta da safe da uban da ɗansa ke kwana a titi yana tsere ba matsayinsu ɗaya ba a aikace, ko da yake dukkansu doka tana da abin kama su da shi.

Abin da ya kamata iyaye su fi jin tsoro ma ba tara ba ce, diyya ce. Sashe na 429 na kundin shari'ar hulɗa da kasuwanci ya ce idan wanda bai balaga a doka ba ya yi wa wani ɓarna, iyayensa suna tarayya da shi wajen biya, sai dai in sun tabbatar wa kotu cewa sun yi iya ƙoƙarin kula da shi. Balaga a dokar Tailan kuwa shekara 20 ce. Uban da da kansa ya sayi babur ya miƙa wa mai shekara 13, da wane baki zai ce ya kula? Ƙasar ta ga misalin wannan ƙuru-ƙuru. A watan Disamba na 2010 wata yarinya mai shekara 16, ba lasisi, ta bugi wata motar fasinja a babbar gadar Don Mueang da ke Bankok, mutum tara suka rasu. Mota ce ba babur ba, amma ƙa'idar ɗaya ce, kuma a 2019 kotun ƙoli ta umarci ita da iyayenta su biya iyalan waɗanda abin ya shafa sama da baht miliyan 20.

Hular kwano wajibi ce ga mai tuƙi da wanda aka goya, babba ko yaro. A da tarar rashinta ba ta wuce baht 500 ba, gyaran 2022 ya kai ta 2,000, kuma daga 1 ga Yuni, 2025 'yan sanda suka sanar da matsa aiwatar da ita, musamman a manyan hanyoyi da kusa da makarantu. Mai tuƙin da ya ɗauki fasinja ba hula ana ninka masa, wato tararsa tana iya kai baht 4,000. An keɓe limaman Buda da ɗalibansu da masu naɗa rawani na addini. Wannan sassauci daga tara kawai yake kare mutum, kwalta ba ta san rawani ba. Dalilin matsawar a fili yake: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 ya ƙiyasta mutum 32.7 cikin kowane 100,000 na mutuwa a titunan Tailan a shekara, sama da mutum 22,000 ke nan, kuma kusan kashi uku cikin huɗu masu babur ne da keke mai ƙafa uku. Rahoton 2023 ya nuna an sauko zuwa kimanin 25, wanda har yanzu yana cikin mafi muni a Asiya. Game da giya kuma, wanda bai kai 20 ba ko mai lasisin wucin gadi iyakarsa miligiram 20 ce a ma'aunin jini, ba 50 ta manya ba.

Duk da haka ba zan ce dokar ta yi wa kowa adalci ba. A ƙauyukan arewa maso gabashin ƙasar, yankin Isan, makarantar sakandare tana iya yin nisan kilomita da dama, motar haya ba ta da tabbas, iyaye da yawa suna can Bankok suna aiki, kaka ce ke riƙon yara. Yaro yana shiga sakandare yana da shekara 12 ko 13, shekara biyu ko uku kafin doka ta yarda ya hau babur. Me ake so kakar ta yi? Mafi ƙarancin albashin yini a 2025 tsakanin baht 337 ne da 400, wato tarar hula guda tana iya cinye aikin kwana biyar ko shida, ga mai hali kuwa kuɗin cin abinci ne. Makarantu suna ganin babura jere a harabarsu kowace safiya, 'yan sanda suna gani, kowa ya kau da kai, sai ranar da aka yi haɗari a tuna akwai doka, a sauke ta duka a kan iyaye. Ban yarda a rage shekarun ba, domin ɗan shekara 13 bai iya auna gudun tirelar da ke tahowa ba komai wayonsa. Amma gwamnatin da ta hana shi babur ita ya kamata ta tanadar masa motar makaranta.

Wata fahimta mai haɗari ita ce cewa idan yaro ba shi da lasisi inshora ba za ta biya komai ba. Inshorar dole da dokar 1992 ta ɗora wa kowane abin hawa, wadda suke kira Pho Ro Bo, an yi ta ne don wanda ya ji rauni. Tana biyan kuɗin farko ba tare da jiran a gano mai laifi ba, har baht 30,000 na magani, da 35,000 idan an rasa rai ko an naƙasa. Wanda aka buge ba da laifinsa ba yana iya samun har 80,000 na magani, iyalansa kuma 500,000 idan ya rasu. Mai tuƙin da shi ne da laifi kuɗin farkon kawai yake samu. Inshorar ganin dama, wadda ake saya don gyaran abin hawa, ita ce ke iya ƙin biya idan mai tuƙi bai taɓa mallakar lasisi ba. Babur ɗin da ba a yi masa ta dolen ba kuma mai shi yana fuskantar tarar da za ta iya kai baht 10,000, sau goma ta rashin lasisi. Idan haɗari ya auku, tsoron ɗan sanda kada ya sa a ɓoye yaro a gida ana shafa masa magani. Lambar motar asibiti a duk faɗin ƙasar 1669 ce, kuma kyauta ake kiranta.